Abin da ke Faruwa a Ƙarƙashin Allurar Tela

Allurar keken ɗinki ba ta ratsa yadi ta fice ta ɗaya gefen yadda ta hannu ke yi. Leƙawa kawai take yi ta dawo, shi ya sa kafarta take kusa da tsini.

Idan ta nutsa da zaren sama ta fara tasowa, zaren yakan ɗan saki ya lanƙwashe a ƙarƙashin yadin. Nan take bakin ƙoshiya zai cafke shi, ya kewaya da shi bayan kwarkwaron da ke ɗauke da zaren ƙasa. Sai ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keken ya janye rarar, zare biyun su sarƙe a tsakiyar kaurin yadin. Haƙoran da ke ƙasa su tura yadin gaba, a sake sabon zagaye.

Walter Hunt ne ya fara haɗa keke mai wannan dabara a Amurka, amma bai yi mata rajista ba. Elias Howe ya yi rajistar tasa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, rigimarsu ta kai kotu, a 1854 aka ce Singer ya biya Howe. Sunan wanda ya sha kaye ne dai ya fi zagaya duniya.

Duk wanda ya taɓa buɗe buhun shinkafa ya san kishiyar wannan ɗinki: ka kama bakin zaren daidai, ka ja, ya warware sumul. Ɗinkin zare biyu ba ya haka. Ko ya tsinke a wuri guda, sauran na riƙe, kuma fuskarsa da bayansa iri ɗaya ne. Don haka shi ake yi wa shadda, atamfa, aljihu da bakin wando. Aibinsa ɗaya, ba ya miƙewa. A yi shi a riga mai roba, ranar da aka ja ta da ƙarfi sai a ji ɓas.

Sabon ɗan koyo kuwa, da ya ga zare ya cukurkuɗe a bayan yadi sai ya hau kunce ƙoshiya. Galibi laifin na sama ne: ko zaren bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, ko an sassauta su da yawa. Maigidan shago yakan ce masa ya ɗaga ƙafar keken da ke danne yadi, ya zare zaren, ya sake sa shi tun daga farko.