Yadda Likita Ke Gane Sankarar Huhu

Sau da yawa idan mutum ya daɗe yana tari, yana ramewa, har ya fara ganin jini cikin kakinsa, sai jama'a su yanke cewa tarin fuka ne. To, akwai wata cuta mai kama da shi, ita ce sankarar huhu, watau wani mugun tsiro da ke fitowa cikin huhu ya yi ta girma. Maganin fuka kuwa ba ya taɓa ta. Tun 1950 waɗansu masana a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakarta da shan taba.

Ga yadda likita ke rarrabe su. Da farko yakan auna kaki, ya ɗauki hoton ƙirji. In ba a sami ƙwayar fuka ba, amma ga tabo a hoton, sai a sake ɗauka da babbar na'ura mai nuna huhu dalla-dalla. Daga nan sai a zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko baki, ko kuwa allura ta ƙirji, a gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar gero, a duba shi a madubin likita. Sai an yi wannan ake tabbatar da cutar da irinta.

Manyan irinta biyu ne. Na farko shi ne mai ƙananan ƙwayoyi, wajen 15 cikin 100. Yana da saurin yaɗuwa, saboda haka ba safai ake yi masa fiɗa ba, sai magani ta jijiya da gashi da na'ura. Sauran 85 kuwa sun kasu uku. Wanda ya fi yawa yakan tsiro a gefen huhu, yakan kama har wanda bai taɓa shan taba ba. Wani yakan fito a manyan hanyoyin iska. Na ukun, mai manyan ƙwayoyi, bai cika yawa ba. Waɗannan in an same su da wuri akan iya yanke su. Likita yakan kuma auna nisan da cutar ta yi, daga mataki na 1 zuwa na 4.

Saboda haka muna roƙon hakimai da malamansu su gargaɗi dagatai da masu unguwanni. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti. Wanda ke shan maganin fuka bai ga sauƙi ba, ya koma wurin likita. Kada kuma dangi su hana a gutsuri naman nan don tsoro, gama sai da shi likita ke sanin maganin da ya dace.

Allah ya ba mu lafiya, amin.