Riƙon Yara a Ingila: Yaranmu Na Hannun Hukuma, Gidajenmu Ba Su Cikin Rajista

A ƙarshen kowace shekara Ma'aikatar Ilimi ta Ingila takan fitar da ƙididdigar yaran da ke hannun hukuma. Wadda aka tsayar ranar 31 ga Maris, 2024 ta nuna yara sama da 83,000, kuma kusan biyu cikin kowane uku suna zaune ne a gidajen mariƙa, wato mutanen da hukuma ta tantance ta damƙa musu 'ya'yan wasu. Takardar tana faɗin shekarun yaro da jinsinsa da dalilin raba shi da gida. Ba ta faɗin addininsa, ba ta faɗin harshen da ake yi masa magana da shi a ɗakin uwarsa. Ɗan Bakano da ɗan zangon Kumasi da ɗan Kongo duk layi guda aka zuba su, layin baƙar fatar Afirka. Dakta Sariya Cheruvallil-Contractor ta Jami'ar Coventry ta nuna wannan giɓi a binciken da ta jagoranta kan yaran Musulmi a 2018: tunda ba a ƙirga addini a matakin ƙasa, babu mai iya bugun ƙirji ya ce ga adadin gidajen Musulmi da ake buƙata.

Sashe na 22 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin yin la'akari da addinin yaro da asalinsa da al'adarsa da harshensa kafin ta yanke shawara a kansa. Amma jami'ar walwalar da aka taso da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta kwashi yara uku daga wani gida a Peckham ko Moss Side, gado take nema. In babu gidan Bahaushe a jerin sunayen da ke hannunta, in babu na Musulmi ma, to inda aka samu gadon nan za su kwana, wani lokacin a rarrabe. Kuma zaman da aka ce na ɗan lokaci ne yakan kai shekaru, har yaro ya dawo yana amsa wa kakarsa sallama da Turanci.

Mu kuwa ba baƙin riƙo ba ne. Ɗan fari a wajen kaka yake tashi, yarinya a kai ta yaye gidan goggo ta zarce har aure, matar da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta ɗaya daga cikin 'ya'yan ɗan'uwanta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ba ta rasa yara a ɗakinta ba. Sai dai riƙonmu amana ce ta baka tsakanin dangi, ba takarda, ba shaida sai Allah. A nan ne tarihin 'yan Afirka ta Yamma a Birtaniya ya yi ɗaci, kuma ɗacin nan bai gama fita daga bakin jami'ai ba har yau.

Tun daga shekarun 1950 zuwa na 1970, ɗaliban Najeriya da na Ghana da suka zo karatu da matansu sun riƙa ba Turawan karkara da na ƙananan garuruwa jariransu su riƙa, suna biya mako-mako, su kuma su fuskanci karatu da aiki. Har talla ake sakawa a mujallar Nursery World ana neman gida. Akasarinsu 'yan Kudu ne, don namu na Arewa a lokacin ba su da yawa. Iyayen suna ganin riƙo ne irin na gida. Ba su san cewa matar da ta raini yaro shekaru za ta iya zuwa kotu ta hana a ɗauke shi ba, ba su kuma san abin da yaro baƙi tilo yake sha a makaranta a garin da ba mai kama da shi ba. Ɗan wasan kwaikwayo Adewale Akinnuoye-Agbaje, wanda aka haifa a Landan a 1967, yana da makonni shida aka miƙa shi ga wani iyalin Turawa a Tilbury. Ƙiyayyar launinsa ta kai shi shiga gungun samarin da ke farautar baƙaƙe, labarin da ya mayar fim mai suna Farming a 2018.

Sai kuma Victoria Climbié. Duk wanda ya karanta rahoton binciken mutuwarta da Lord Laming ya fitar a Janairun 2003 ya san ba a gama shi da busasshen ido. Yarinya ce 'yar Abobo a Abijan. Wata kakarta ta dangi, Marie-Thérèse Kouao, ta zo daga Faransa ta ce a ba ta ita ta sa ta a makaranta a Turai, iyayen suka yi murna suka ba ta, kamar yadda kowannenmu zai yi. Ta shigo da ita Landan a 1999 da sunan Anna. Ranar 25 ga Fabrairu, 2000 Victoria ta rasu tana da shekara takwas, da raunuka 128 a jikinta, bayan an daɗe ana kwantar da ita a bahon wanka cikin ledar shara. An yanke wa Kouao da saurayinta Carl Manning ɗaurin rai da rai a 2001. Laming ya lissafa aƙalla dama goma sha biyu da hukumomi suka samu na ceton ta suka yi sakaci, ya ba da shawarwari 108, daga nan aka samu Dokar Yara ta 2004 da ƙa'idojin 2005 kan riƙon da ba na hukuma ba. A 2001 ne kuma Debbie Ariyo, 'yar Najeriya, ta kafa ƙungiyar AFRUCA don wayar da kan iyaye 'yan Afirka.

Ga abin da dokar ta ce, wanda da yawanmu ke takawa ba su sani ba. Idan yaro bai kai shekara 16 ba, ya zauna a gidanka kwana 28 ko fiye, kuma kai ba mahaifinsa ba ne ba kuma ɗan'uwa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Ɗan'uwa na kusa a idon doka shi ne kaka, wa ko ya, ɗan'uwa ko 'yar'uwar uba ko uwa na haƙiƙa ko ta hanyar aure, da mijin uwa ko matar uba na aure. Ɗan abokinka da aka turo karatun sakandare, ɗiyar wanda kuke 'ya'yan wa da ƙani, yaron maƙwabciyar da ta tafi gida jinyar mahaifiyarta ta yi wata biyu, duk suna ƙarƙashin wannan doka, komai yawan "kawu" da suke kiran ka. Rashin sanarwa laifi ne.

Yanzu mun ƙaru. Ƙidayar 2021 ta samu haifaffun Najeriya kimanin 270,000 a Ingila da Wels, kuma bayan nan ne ma aka yi tururuwar bizar karatu da ta aikin kula da tsofaffi, kafin gwamnati ta tsuke hanyar zuwa da iyali a farkon 2024. Miji na aikin dare, mata na aikin safe, ba kaka, ba ƙanwar miji, ba tsakar gida. Yaro ya je makaranta da shatin wayar caja a bayansa, malama ta gani, kafin la'asar an buɗe bincike. A irin wannan rana ce iyaye kan fara tambaya ko akwai gidan namu da za a kai yaran. Amsa mafi yawa, babu. Hukuma kan fara duba dangi da makusanta, har tana iya ba su amincewar wucin gadi ta makonni 16, amma wanda ya zo shekara biyu da suka wuce, dangin nasa suna Funtuwa.

To me ya hana mu yin rajista? Wasu tsoron hukuma ne, ba sa son ta san ƙofar gidansu. Wasu kuma addini suke kafa hujja da shi, alhali abin da Suratul Ahzab ta hana shi ne a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya faru a kan Zaidu ɗan Harisa. Riƙon hukuma ba ya canja wa yaro suna, ba ya yanke shi da iyayensa, ba ya sa shi cikin magada. Batun muharramaka da hijabi gaskiya ne, sai dai malamai a Birtaniya sun zauna a kansa, ƙungiyar Penny Appeal ma ta tattara bayaninsu ta buga. Mata da yawa sukan zaɓi riƙon 'yan mata ko ƙananan yara, shi ke nan. Akwai kuma waɗanda hayaniyar Agustan 2017 ta sanyaya wa gwiwa, lokacin da jaridar The Times ta yayata cewa an tilasta wa wata yarinya Kirista zama a gidan Musulmi a Tower Hamlets. A 2018 hukumar sa ido kan jaridu, IPSO, ta samu jaridar da laifin karkatar da ɗaya daga cikin rahotannin, amma gyara bai yi yawon da ƙazafin ya yi ba.

Tantancewar kanta ba wasa ba ce, gara a sani tun da wuri. Doka ta ce shekara 18, akasarin hukumomi sai 21. Ana son takardun zama masu ƙwari da ɗaki na musamman ga yaro. Ba sai kana da gidan kanka ba, ba sai kana da aure ba. Za a binciki tarihin laifi na duk baligin da ke gidan, likita ya duba lafiya, a nemi masu shaida, a yi horo. Daga nan jami'a ta riƙa zuwa tana zama a falo da littafinta. Za ta tambaye ka yadda aka hore ka kana yaro, kuma in ka ce ba a taɓa dukanka ba a makarantar allo, ta san ba gaskiya ka faɗa ba. Abin da take son ji shi ne ka gane cewa mariƙi ba ya ɗaga hannu ga yaron riƙo ko kaɗan, ƙa'idojin riƙo na 2011 sun haramta. In ka taɓa rabuwa da mata, za ta so jin ta bakin tsohuwar matar. Za ta tambayi wane ne ke kwana a gidan idan surukarka ta zo wankan jego, ta buɗe kabad ta ga inda ake ajiye magani. Sai a haɗa rahoto a kai gaban kwamiti, kuma ƙa'ida ita ce a kai ga wannan mataki cikin wata takwas. Bayan an kawo yaro ma, ba za ka tafi da shi Najeriya hutun Sallah ba sai da izini, ba za ka yi masa kaciya da ra'ayin kanka ba, kuma kullum sai ka rubuta yadda ya wuni.

Wajen zaɓen inda za a yi rajista, ƙofa biyu ce, kuma ɗaya kawai ake shiga a lokaci guda. Ta farko sashen riƙo na ƙaramar hukumarka. Ta biyu hukumomi masu zaman kansu, wasu na agaji, wasu na neman riba. Abin lura shi ne duk yaran daga hannun ƙaramar hukuma suke fitowa. Takan fara neman gida cikin mariƙanta, sai ta rasa ta buga wa masu zaman kansu waya, ta biya su. Shi ya sa mariƙan masu zaman kansu sukan samu manyan yara, ko 'yan uwa da yawa, ko masu lalura, galibi daga nesa, kuma kuɗinsu ya fi kauri. Hukumar kula da gasa a kasuwanni, CMA, ta gano a rahotonta na Maris 2022 cewa manyan kamfanonin riƙo na cin ribar da ta kai kashi 19.4 cikin ɗari. A Sikotland ba a yarda hukumar riƙo ta nemi riba ba, Wels ma ta yi doka a 2025 don bin wannan hanya. Ni dai a ganina, wanda burinsa shi ne yaron unguwarsu ya ci gaba da zuwa makarantarsa da islamiyyarsa, ya fara ƙwanƙwasa ƙofar ƙaramar hukuma. In ya ga ba su da lokacinsa, ya nemi ta agaji. Ko wacce ce, a karanta rahoton hukumar sa ido ta Ofsted a kanta, kyauta yake a intanet, sannan a yi tambaya ba kunya: wa zai ɗaga waya da ƙarfe biyu na dare in yaro ya gudu? Wa zai tsaya mini in yaro ya yi mini ƙazafi? Kuna da mariƙa Musulmi, kuma za ku haɗa ni da ɗaya in ji ta bakinsa?

Kuɗi kuwa akwai. Mafi ƙarancin kuɗin ɗawainiya a Ingila na shekarar 2024/25 ya kasance tsakanin fam 165 zuwa 289 a mako, gwargwadon shekarun yaro da yankin da ake zaune, ga kuma rangwamen haraji na musamman. Babu abin kunya a karɓa, matan Banu Sa'ad ma da suka zo Makka neman jariran shayarwa, har da Halimatu, ba kyauta suke yi ba. Amma wanda ya shiga don kuɗin, daren farko da yaro ya farfasa kwanuka yana ihun a mayar da shi wajen uwarsa zai gane lissafinsa bai fita ba.

Cikin yaran nan sama da 83,000 akwai fiye da 7,000 da suka shigo ƙasar su kaɗai neman mafaka, da yawa daga Afganistan da Sudan da Eritiriya, samari masu azumi da salla waɗanda ba su da kowa. Shugabannin ƙungiyoyinmu da kwamitocin masallatai a Landan da Manchesta da Birmingham, kuna tara mu bikin Sallah da walimar suna. Duk watan Mayu ƙungiyar Fostering Network na ware makonni biyu na neman mariƙa, kuma ƙananan hukumomi kan turo jami'ansu duk inda aka gayyace su. Ku gayyato su bayan sallar Juma'a, ku sa mai fassara, ku tabbatar mata sun samu wurin zama a gaba, don su ne za su ɗauki mafi yawan nauyin.