Tattalin Ruwa a Gidan da ke Bakin Kanal

Mai hidimar da aka tura yankin Kura, ko Bunkure, ko Garun Malam, ruwa ne abin da zai fara gani. A watan Fabrairu, lokacin da sauran ƙasar Kano ta bushe ƙayau, kanal yana gudana a cike, gonakin alkama da tumatir da albasa sun yi kore shar. Don haka idan muka ce a koya wa ikilisiya tattalin ruwa a irin wannan wuri, wani dattijo zai iya tambaya, ina amfanin tsimin abin da ke wucewa ta ƙofar gida dare da rana? Tambayar tana da ma'ana, ya kamata kuwa mu iya amsa ta.

Da fari, ruwan nan tararre ne. Daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke lura da shi. Abin da damina ta zubar a 'yan watanni shi ake rabawa har shekara ta zagayo, masu jiransa kuma suna da yawa. Birnin Kano na ɗiba ta matatar Tamburawa. Sauran ya bi ta Wudil zuwa Haɗeja, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da shi. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun nan ta ragu ƙwarai. Mu da ke sama muna da maƙwabta a ƙasa waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ɗalibin da ya karanta Farawa sura 26 ya san yadda makiyayan Gerar suka yi ta jayayya da makiyayan Ishaku a kan rijiyoyi, ya kuma san cewa sai a rijiya ta uku rikicin ya lafa. Nassi ne mai kyau na buɗe wannan koyarwa.

Abu na biyu ya fi shafar gida kai tsaye: ruwan kanal ba ruwan sha ba ne. Yana ratsa gonakin da aka zuba wa takin zamani aka yi wa feshi, ana wanki a cikinsa, dabbobi na shiga. A ciyawar gefensa ƙananan katantanwa ke zama, su ne ke rainon ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar yaro yana cikin iyo, daga baya a ga jini a fitsarinsa. Ashe gidan da ke bakin kanal yana iya zama cikin ƙarancin ruwa mai tsabta daidai da gidan da ke tudu. Ruwan da ake saye jarka jarka a hannun mai kura, ko ake ɗorawa yarinya ta ɗauko daga rijiyar burtsatse kafin ta tafi makaranta, shi ne mai tsada, shi ne kuma muke nufi da tattali.

Hanyar ba wuya gare ta ba, a raba ruwa bisa ga aikinsa. Na sha da girki ya zauna a randa mai murfi, da moɗa guda wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Kada a taɓa shi don wanke babur ko yayyafa wa tsakar gida. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya tafi gindin zogale ko gwanda. Na ɗaurayar tufafi ya isa wanke banɗaki. Idan dole ta sa a sha ruwa mai gurɓi, alif ko garin 'ya'yan zogale na kwantar da laka, amma ba su isa su kashe cuta ba, sai an tafasa. Muna kuma roƙon masu hidima su yi magana ƙarara a kan robar maganin feshi da ake ɗauraye wa a mai da ita gorar ruwa. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a wuraren noman rani, ɗauraya kuwa ba ta raba robar da guba.

Famfon da ke ɗiga ba a raina shi. A tara bokiti a ƙarƙashinsa da dare, da safe a kira dattawa su gani da idonsu. Kuɗin gyaran ba zai kai na ruwan mako guda ba.

Rufin majami'a ma dukiya ce da muke bari tana tsiyayewa. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa na milimita 20, ya karɓi lita 4,000, wato jarka 160 mai lita 25. Ana bukatar indararo da tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu kafin a tara. Tankin da aka bari a buɗe gidan sauro ne, yankin kuwa bai rasa zazzaɓin cizon sauro ba.

A ganinmu, kuskure ne fasto ya tsara wannan koyarwa shi kaɗai. Zumuntar mata ta fi shi sanin jarka nawa gida ke sha a yini, da watan da rijiya ke ja baya. A ba su jagorancin zaman. Inda ikilisiya ke da rijiyar burtsatse, dattawa su rubuta lokutan buɗewa, da wanda ke riƙe da mabuɗi, da ɗan abin da za a riƙa tarawa don gyara, tun famfon bai lalace ba. Maƙwabta Musulmi da ke ɗiba a wurin su san tsarin, a kuma sanar da mai unguwa kafin a fara aiki da shi.