Lakar Da Ke Ƙarƙashin Mota

Wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan a Zariya da yamma a watan Agusta ba ya bukatar tambayar direba daga ina ya fito, motar da kanta za ta faɗa. A-kori-kurar da ta ɗauko kaya daga kasuwar Giwa, da Hilux ɗin da ta je duba gona a ƙauyukan Soba, da babur ɗin da ya ratso fadamun Dakace, duk suna shigowa Birni da jar laka har ƙugu. Masu su kuwa sun rabu a kan abin da ya kamata a yi. Akwai wanda kullum da asuba yaro ke goge masa bodi har ya yi ƙyalli, akwai wanda ya ware Juma'a, akwai kuma mai cewa sai damina ta wuce, tunda gobe ma cikin taɓon zai koma. A ganina dukkansu ƙidayar kwana suke yi, alhali hanyar da motar ta bi ce ya kamata ta yanke lokacin wanki, kuma wurin da ya fi bukatar ruwa shi ne wanda ido ba ya gani.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, kuma gwargwadon daɗewar danshi a jikinsa, gwargwadon cin da za ta yi masa. Ruwan sama da ya sauka a kan rufin mota rana ɗaya ce za ta busar da shi, ga fenti kuma yana karewa. Laka ba haka take ba. Yumɓun da ke cikinta yana riƙe ruwa, kuma idan taya ta watsa ta sai ta shige cikin ramukan shasi, da saman tankin mai, da tsakanin ganyen sifirin, da bayan madigadi. Fuskarta za ta bushe ta yi fari-fari, amma a sa yatsa a ɓanɓare ta, cikin ɗanye ne sharaf, manne da ƙarfe. Zariya na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, saboda haka motar da aka ce sai bayan damina ta kwashe wata biyar ke nan ƙarƙashinta bai bushe ba. Wanda kuma ke goge bodi kullum bai taɓa leƙa ƙasa ba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ita tsatsa ma a hankali take aikinta. Akwai ɓarnar da ba ta jiran shekara. Lakar da ta toshe ƙwayoyin lagireto tana hana iska ratsawa, inji ya riƙa zafi a hawa, mai mota ya yi ta ƙara ruwa yana zargin famfo. Guntun da ya daskare a gefe ɗaya na cikin wili yana sa sitiyari rawa da zarar an hau kwalta an taka wuta. Yashin da ya shiga birki yana cinye shi kafin lokacinsa. Babur ya fi shan wahala, domin irinsu Bajaj da Jincheng da ake acaɓa da su iska ce kaɗai ke sanyaya injinsu, ta waɗannan ƙarafa masu layi-layi da ke jikinsa, kuma idan taɓo ya cike tsakaninsu zafi ba ya da mafita. Kar a manta kuma laka na ɓoye aibu: yoyon man birki ko tsagewar roba ba a ganinsu a ƙarƙashin datti, sai ranar da suka tsayar da mutum a daji.

Masu ja da wannan magana suna da hujjar da ba za a raina ba. Sukan ce yawan wanke ƙasan mota shawara ce ta ƙasashen sanyi, inda ake barbaɗa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, mu kuwa ba mu da shi, ba mu kusa da teku, kuma ga Fijo 404 da 504 da aka haɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 har yau wasu na tafiya. Gaskiya ne iskar Zariya ta fi ta Legas sauƙi ga ƙarfe. Sai dai motar gona na da nata gishirin. Takin zamani na NPK galibi yana ɗauke da sinadarin kuloraid, dangin wanda ke cikin gishirin miya, takin yuriya kuma yana jawo danshi daga iska. Buhu ɗaya ya yage a bayan a-kori-kura, ruwa ya sauka, shi ke nan an jiƙa ƙarfen da abin da ke hanzarta tsatsa. Haka fitsari da kashin dabbobin da ake ɗaukowa daga kasuwa. Ga kuma cewa motocin hannu da muke kira Beljiyam da yawansu sun riga sun sha gishirin Turai shekara da shekaru kafin su sauka, da tsatsarsu suka zo, lakarmu ciyar da ita kawai take yi.

Da sanyi ya shigo lissafin yakan juye. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi, busasshiya ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ba a bukatar wanki akai-akai. Haɗarinta yana cikin ƙwayoyin yashin da ta ƙunsa, waɗanda suka fi fenti tauri, kuma busasshen tsumman da ake murza bodi da shi kowace safiya shi ke dusashe launin mota. A wannan lokaci matatar iskar inji ce abin dubawa.

Hujjar masu ja ta biyu ta fi nauyi, wato ruwa. A cikin Birni, inda gidaje da dama ke sayen jarka daga 'yan garuwa, ba adalci ba ne a ce wa mutum ya zubar da kura guda a ƙarƙashin mota duk yamma. Amma ai abin da nake faɗa rage ruwa yake yi: a daina wankin ado na kullum, a tara ƙoƙarin a ranar da aka dawo daga taɓo, tun yana ɗanye, lokacin da bokiti kaɗan da buroshi za su sauke abin da idan ya daskare sai injin feshi. Shi ma injin feshin, idan aka matsa bakinsa kusa da boris ko wayoyin wuta, yana tura ruwa ya kori giris, shi ya sa wankin da ba a bi shi da shafa giris da ɗiga wa sarƙar babur mai ba bai cika ba. Wurin wankin ma abin kula ne. Lungunan Kwarbai da Kaura matsattsu ne, kuma ginin ƙasa daga gindinsa ruwa ke cinye shi, don haka kwararar ruwan sabulu a jikin katangar maƙwabci cutarwa ce. Gangarawa bakin Kubanni ko Galma kuma ya fi muni, domin baƙin mai da omo suna bin ruwan zuwa lambunan da ake noman latas da tumatir, kuma daga Galma ake jawo ruwan famfon gari.

Akwai dalili na ƙarshe da manomi ya fi kowa sanin zafinsa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya na zubar da dubunnai, kuma suna iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran dawa ko masara. Taraktar haya da ta yi huɗa a gonar da yake, ta wuce gona ta gaba da laka a garmarta, ta kai wa mai gonar baƙon da bai gayyata ba. Lokacin da aka gano danginsa a jihohin Karolina na Amurka a 1956, tsabtace kayan noma kafin su bar yankin na cikin matakan da aka ɗauka don tsare shi. Mai gona a Zazzau da ya biya kuɗin huɗa yana da ikon ya ce a kankare garma da tayoyi a bakin hanya kafin tarakta ta taka masa ƙasa, kuma aikin bai wuce na 'yan mintuna ba.