Frank Robinson: ɗan wasan da aka ce ya tsufa, aka sayar da shi

Masu karatu, duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san zafin sakin kaya da araha, washegari ya tarar suna tsada a rumfar maƙwabci. Irin wannan ciniki ne muka kawo muku yau daga Amurka, sai dai ba haja aka sayar ba, ɗan wasa ne mai suna Frank Robinson.

Wasan nasa shi ne bezbol, wanda ba mu cika gani a nan ba. Wani ne ke jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, ya ruga ya zagaya fili don ya ci maki. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda ke tsallakar da ƙwallon bayan shinge, kuma Frank ya yi irinsa sau 586 a rayuwarsa.

An haife shi a 1935 a jihar Texas, shi ne auta cikin ƴaƴa 10 na mahaifiyarsa. A 1956 ya fara yi wa ƙungiyar Cincinnati Reds wasa, a 1961 kuma aka zaɓe shi gwarzon shekara. Amma a watan Disamban 1965 mai ƙungiyar, Bill DeWitt, ya musanya shi da ƴan wasa uku na Baltimore Orioles, yana cewa wai Frank mai shekara 30 ya soma tsufa.

To, tsohon nan fa, shekarar 1966 kaɗai ya tsallake shinge sau 49, ya sake zama gwarzon shekara, ya kuma taimaki Baltimore ta ɗauki babban kofin ƙasar karo na farko a tarihinta. Abin takaici, a wannan birni da ake masa tafi sai da shi da matarsa Barbara suka sha wahalar samun gidan zama, don masu gidaje a unguwannin fararen fata ba sa son ba baƙi.

A ganinmu, a nan ne nauyin labarin yake. Tun 1947 Jackie Robinson (suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne) ya buɗe wa baƙar fata ƙofar manyan gasannin bezbol. An yarda su yi gudu, su yi gumi, su cika wa masu ƙungiyoyi aljihu, amma riƙon ragamar ƙungiya ba a ba su ba. A watan Oktoban 1972 Jackie ya fito gaban jama'a ya ce burinsa ya ga baƙar fata na jagorancin ƙungiya. Bayan kwana 9 ya mutu bai gani ba.

Frank bai zauna jiran a kira shi ba. Lokacin hutun hunturu yakan tafi tsibirin Puerto Rico ya horar da ƙungiyar Santurce, don kada wani ya ce bai san aikin ba. Daga ƙarshe Cleveland ta ba shi ragama, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin a manyan gasannin biyu. Ranar 8 ga Afrilun 1975, matar marigayi Jackie, wato Rachel, ita ta jefa ƙwallon buɗe wasa. Frank, wanda ke shugaba kuma ɗan wasa a lokaci guda, shigarsa ta farko ya tsallakar da ƙwallo bayan shinge, suka doke New York Yankees.

Kujerar ba ta yi masa daɗi kullum ba. Cleveland ta sallame shi a 1977. Ya jagoranci San Francisco, ya koma Baltimore inda ya zama gwarzon mai horarwa na 1989, ya ƙarasa da Montreal da Washington a 2006. Ya mutu ranar 7 ga Fabrairun 2019 yana da shekara 83.

Ita kuwa Cincinnati da ta sallama shi, a 1998 ta jingine lambar rigarsa, lamba 20, ta ce babu ɗan wasanta da zai ƙara sa ta.