Siffar "Fresh" da Sunayen da Take Rakawa

Ɗalibin sakandare a Dinawa ko Wurno yakan fara gamuwa da kalmar Turanci ta fresh a jerin kalmomin hadda, an rubuta "ɗanye" a gabanta. Wannan fassara tana aiki a gonakin noman rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo. Albasar da aka tono da safe, ganyenta kore shar, ƙasa na manne da saiwarta, fresh ce. Haka ma kifin da masunci ya fitar daga kogin Rima yana da sauran motsi. Da an bar fadama kuwa sai fassarar ta fara ɗingishi. Burodin da aka sauke yanzu yana tururi fresh bread ne, alhali a Hausa ɗanyen burodi shi ne wanda bai gasu ba. Naman da ya kwana uku bai ga wuta ba ɗanye ne, amma Bature raw zai ce masa. Ruwan Rima, ko ya yi jawur da laka a watan Agusta, fresh water ne a littafin labarin ƙasa, domin ba shi da gishiri irin na tekun Legas. Ashe sunan da ke biye da siffar shi ke yanke hukuncin ma'anarta, don haka tare da shi ya kamata a koye ta.

Malamai da dama za su ce aji ya cika, lokaci ba ya isa, kalma ɗaya da fassara ɗaya ita ce ta fi saurin zama a kai. Uzurinsu abin saurare ne, kuma ƙasar da yaranta suka tashi da allo ba ta raina hadda. Tambayar ita ce me za a haddace. Jarrabawar WAEC da ta NECO sukan saka kalma ne cikin jimla su nemi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, kuma yaron da "ɗanye" kaɗai ya riƙe zai rikice da ya ga fresh air ko fresh start. Haddace irin waɗannan tagwayen kalmomi biyar ko shida ba zai cinye darasi guda ba.

Akwai ma rangwame. Hausa takan ce ɗanyen kifi, ɗanyar albasa, ɗanyun ganyaye, ita kuwa fresh ba ta sauyawa don jinsi ko jam'i. Ƙarfin da ɗalibi ya tanada nan sai ya kashe shi wajen tara sunayen.