Zaɓen Injin Zarto Domin Ayyukan Gona Iri-Iri

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malaman gona ke yawan kawowa daga wurin manoma akwai ta injin zarto, wato injin nan mai sarƙa da ake sare itace da shi. Galibin masu tambayar ƙungiyoyin manoma ne da masu gonakin itatuwa: masu kashu a Kogi da Kwara, masu mangwaro da lemo a Binuwai da Nasarawa, masu koko a Taraba, da kuma waɗanda suka shuka malaina ko turare domin samun turaku da itacen girki. Ɗaukar mai inji haya yana da tsada, kuma ba kasafai yake zuwa a lokacin da ake bukatarsa ba. Saboda haka sukan yanke shawarar haɗa kuɗi su sayi nasu. Inji ɗaya tak ƙarfinsu zai kai, kuma suna so ya yi musu komai: rage rassa, gille tsofaffin itatuwa domin a yi musu aure, kayar da itace, daddatsa gungume, da buɗe hanyar gona idan guguwar farkon damina ta tare ta.

Kuskuren da aka fi yi

Na taɓa ziyartar wata ƙungiyar manoman kashu da ta sayi Stihl 070, domin kawai shi suka ga masu tsaga katako suna amfani da shi a daji. Injin ba shi da laifi, aikin ne ba nasa ba. Girman silindarsa ya kai cc 105, nauyinsa kuma ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi da sarƙa ba, ba a kuma zuba masa mai ba. An yi shi ne domin manyan gungume da tsaga katako daga safe har yamma. Aikin da ke gaban waɗannan manoma kuwa shi ne rage rassan tsofaffin kashu waɗanda kaurinsu bai wuce cinyar mutum ba. Kafin awa guda hannun mai aikin ya mutu, fetur ya tafi, yankan kuma ya yi ta karkacewa yana yage ɓawon itacen. Da na koma bayan wasu watanni, na tarar injin yana ɗaki, an koma wa gatari.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Sukan sayi ƙaramin inji mai cc 30 zuwa 40, kamar Stihl MS 180, saboda arha da rashin nauyi. Irin wannan an yi shi ne domin mai gida da zai yanka itacen girki jefi-jefi. Idan aka sa shi aikin ƙungiya, kullum yana cikin kirya da marke, ba zai yi ƙarko ba.

Abin da ya bambanta injin ƙwararru

Manyan kamfanonin da aka sani a kasuwanninmu sun daɗe a wannan sana'a. Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1926, Dolmar ya fito da zarto mai fetur a 1927, Husqvarna na ƙasar Suwidin kuma ya fara ƙera nasa a 1959. Stihl da Husqvarna suna yin inji na gida, suna kuma yin na ƙwararru, don haka sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba.

Injin ƙwararru gidan da ke riƙe da cikinsa na ƙarfen maganiziyam ne, na gida kuwa galibi roba ce mai tauri. Yana da famfon man sarƙa da ake iya ƙarawa ko ragewa. An tsara shi yadda makaniki zai kwance shi ya sauya fistin, ringi ko silinda, ya koma kamar sabo. Sannan yana ba da ƙarfi mai yawa a nauyi kaɗan, wanda shi ne abin da mai yini da inji a hannu ya fi bukata.

Girman da ya dace

Ga mai son inji ɗaya domin kowane aiki, a nemi wanda girman silindarsa ke tsakanin cc 50 da cc 72, nauyinsa kuma tsakanin kilo 5 da kilo 6 da rabi. A cikin wannan aji akwai Stihl MS 361 mai cc 59, da Husqvarna 365 mai cc 65, da Husqvarna 372 XP mai kusan cc 71, da Stihl MS 381 da MS 382 masu cc 72.

Zaɓi a tsakaninsu ya danganta da itacen da aka fi yanka. Idan yawancin aikin a gonar kashu, lemo ko koko ne, kayar da babban itace kuma sai an jima, mai cc 50 zuwa 60 ya wadatar, kuma mai aikin zai yini bai galabaita ba. Idan kuwa ana yawan haɗuwa da maɗaci, kirya, marke ko tsohon mangwaro, gara a ɗauki mai cc 70. A ganina, ga ƙungiyar da za ta riƙa ba da injin haya domin ya mayar da kuɗinsa, na cc 70 ɗin ya fi, domin ba a san irin itacen da za a kira su a kansa ba.

Kafin a biya kuɗi, wanda zai riƙa aiki da injin ya ɗaga shi da takobinsa a ɗaure, ya riƙe shi daidai ƙugu na 'yan mintoci. Injin da ya yi wa mutum nauyi a shago, a gona sai ya fi haka.

Akwai injunan zarto masu batir a yanzu, kuma suna da kyau wajen rage ƙananan rassa. Amma ga ƙauyen da ba shi da tabbacin wutar caji, ba su ne za a dogara da su a matsayin inji ɗaya tilo ba.

Takobi da sarƙa

Takobi shi ne dogon ƙarfen nan mai faɗi da sarƙa ke zagayawa a kansa. Masu saye suna son dogo, masu sayarwa kuma ba sa hana su. Amma dogon takobi a kan matsakaicin inji yana rage masa ƙarfi, yana ƙara haƙoran da za a wasa, yana kuma jan injin ya rinjaya gaba. Takobi mai inci 18 zuwa 20, wato santimita 45 zuwa 50, shi ne daidai. Ƙwararren mai aiki yana iya kayar da itacen da kaurinsa ya kusa ninka tsawon takobin, ta hanyar yanka daga ɓangarori biyu. Mai inji na cc 70 yana iya ajiye takobi na biyu mai inci 25 domin ranar babban gungume.

Sarƙa ba a sayenta da ido. Dole ta dace da takobin ta fuska uku: tazarar haƙoranta, kaurin ƙafafunta da ke shiga ramin takobi, da adadin ƙafafun. Ana buga waɗannan lambobi a gindin takobi. A kwafe su a takarda, ko kuma a tafi kasuwa da tsohuwar sarƙar. Injunan cc 60 zuwa 70 galibi suna amfani da sarƙa mai tazarar 3/8 na inci.

Haƙoran sarƙa iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai kusurwa tsaye, wanda ke yanka da sauri amma yake dakushewa nan da nan idan ya taɓa yashi. Akwai kuma mai kusurwa a ɗan lanƙwashe, wanda ba shi da saurin na farko amma yake riƙe kaifinsa. Itatuwanmu ba su rabuwa da ƙurar hunturu a ɓawonsu, ga ƙasar da gara ke ɗorawa a jikinsu, ga toka idan an ƙona daji. Saboda haka mai lanƙwasar ya fi dacewa da mu. A sayi sarƙa biyu ko uku tun farko, tare da zagayayyen magagari daidai girman haƙoran. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace. Da zarar an ga gari yana fita kamar dusa, ko sai an danna injin kafin ya ci, a tsaya a wasa.

Kayan tsaro

Haɗari mafi muni a aikin zarto shi ne harbin baya. Yana faruwa ne idan saman bakin takobi ya taɓa itace ko wani abu mai tauri alhali sarƙa tana gudu, sai injin ya yi tsalle sama zuwa fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido. Maganinsa birkin sarƙa, wato marikin nan da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Kada a sayi injin da ba shi da shi, ko wanda nasa ya karye aka ɗaure da waya. A gwada shi a gaban mai sayarwa. A kuma duba cewa akwai ƙugiyar da ke tare sarƙa idan ta tsinke, da makullin da ke hana totur danna kansa, da robobi ko sifirin da ke rage jijjiga, domin jijjiga ta shekaru tana kashe jijiyoyin yatsu.

Ƙarar injin zarto ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan aka daɗe. Don haka a sa kuɗin abin toshe kunne, hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki da wandon kariya a cikin kasafin sayen injin tun farko. Idan aka bar su sai daga baya, ba a saye. Na sha ganin masu aiki da silifas da babbar riga tana lilo kusa da sarƙa; malamin gona da ya ga haka ya tsayar da aikin.

Jabu da kayan gyara

Kasuwa cike take da injunan da aka yi wa fenti da suna irin na manyan kamfanoni, musamman kwaikwayon 070 da MS 381. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai, akwai dalili. A saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, a karɓi rasidi mai ɗauke da lambar injin, da takardar garanti, da littafin bayani. Wanda ya zaɓi sayen injin Sin mai sunan kansa saboda ƙarancin kuɗi, ya san abin da ya saya. Wanda ya biya kuɗin na asali aka ba shi jabu shi ne aka cuta.

Kafin a tsayar da shawara a kan kowane samfuri, a je wurin makanikin zarto mafi kusa a tambaye shi wanda ya iya gyarawa da wanda ake samun kayansa: fulogi, matatar iska, kuloci, igiyar tayarwa, fistin da kafireta. Wannan ya shafi masu neman Dolmar musamman. Kamfanin Makita na Japan ya saye shi a 1991, ya kuma daina ƙera injuna masu fetur a 2022, don haka a tabbatar da samuwar kayan gyaransa kafin a saya.

Mai

Injin zarto ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar mota. Ana gauraya mansa ne da fetur. Ga injunan da aka ambata, idan an sami man 2T mai inganci na injuna masu sanyaya da iska, ma'aunin shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a cikin lita 5 na fetur. A auna da ma'auni, kada a yi kirdado, kuma kada a ajiye gaurayen fiye da wata guda. Fetur zalla yana iya kashe fistin cikin mintoci kaɗan. Tankin man sarƙa daban yake, kuma a cika shi duk lokacin da aka cika na fetur. Ƙonannen baƙin mai da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne: yana cinye famfo da takobi, yana kuma fantsama a kan yankan itacen da ake so ya warke ya yi toho. A lokacin hunturu a riƙa share matatar iska kullum bayan an tashi aiki.

Doka da itatuwan gona

Mallakar inji ba izinin sare itace ba ne. A Nijeriya harkar gandun daji tana hannun jihohi, don haka a nemi izini a ofishin gandun daji kafin a kayar da itacen katako, ko da a gonar mutum yake. Ghana ta haramta tsaga katako da injin zarto domin sayarwa tun 1998. Mu ma mun ga yadda aka yi wa madobiya kaca-kaca a Taraba da maƙwabtanta, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Ɗorawa, kaɗanya da gawo kuwa amfaninsu a tsaye ya fi kuɗin gawayinsu, kuma ya kamata ƙungiya ta rubuta a dokarta cewa injinta ba zai taɓa su ba.

Daga ƙarshe, ƙungiya ta ware mutum ɗaya ko biyu da za a horar, su kaɗai za su riƙa tayar da injin. A buɗe littafi da za a riƙa rubuta ranar aiki, gonar da aka je, litar man da aka ƙona da kuɗin da aka karɓa, a kuma riƙa cire wani kaso daga kowace haya ana ajiyewa domin sarƙa, takobi da gyara.